Allurar da Ba Ta Iso Ba

A bakin titin Shabu Dijatu take shanya rogonta kamar kowa, ɓeraye suna bi ta kai, ba wanda ya damu. Da zazzaɓi ya kwantar da mijinta Rilwanu, maganin maleriya aka yi ta ɗura masa, har jini ya ɓalle ta hanci.

Bayan ya cika a wani asibiti a garin Lafiya, likita ya ce mata, "Lassa ce, cutar ɓera. Babu rigakafinta tukuna, amma masana suna neman allurar da za ta koya wa jiki kare kansa. 'Ya'yanki za su ci moriyarta."

"Waɗanne 'ya'yan?" in ji Dijatu.

Ta kai hannu goshin Zulfa, 'yarta tilo, wadda ta wanke zannuwan jinin babanta da hannunta. Goshin zafi zau.