Jini a Cikin Zulaihat

Ni ce mai zuba wa Inno ruwa in tana wankan gawa. Duk unguwannin Kokoro da Yakité, in mace ta rasu Inno ake aikawa, ni kuwa ina biye da ita da buta. Tsohuwa ce mai faɗan tsiya, amma ban taɓa ganin hannunta ya yi rawa ba.

Ran nan da hantsi aka kira mu gidan Sharu Mahmudu mai shagon atamfa a Titin Koudoukou. 'Yarsa Zulaihat, wadda ke karatu a Faransa, ta zo hutu, aka wayi gari aka same ta sanyi ƙalau a kan gado, zaninta jiƙe da gumi. Wata maƙwabciya ta ɗaga hannunta ta saki, ya faɗi, ta yi salati. Shi ke nan fa, aka ɗaure mata haɓa, samari suka tafi haƙa kabari. Mu nan ba ma son gawa ta ga azahar, ga maƙabarta da nisa, saboda haka ba wanda ya yi zancen asibiti.

Da Inno ta zura hannu ƙarƙashin mayafi don cire mata kaya, sai wani abu ya yi ƙara, ƙit, ƙit, kamar tsaka. Ta ɗaga mayafin muka duba.

Wata 'yar na'ura ce kamar ƙaramar waya a maƙale a ƙugunta. Siririn tiyo ya fito daga jikin na'urar ya shige ƙarƙashin farar filasta a gefen cibiya. 'Yan gida sun san Zulaihat tana da ciwon suga, sun san abin yana ɗura mata magani, iyakar saninsu ke nan. Uwarta Hauwa'u ba ta taɓa tambaya ba, don 'yar fari ce, ko sunanta ba ta kira, balle ta duba mata ciki. Wannan kunya ta ba ni haushi ranar, har yau ma tana ba ni.

"Ba a kai wa Allah mutum da kayan Bature a jiki," in ji Inno. "Talatu, ruwan ɗumi da man gyaɗa."

Ta jiƙa filastar, ta shafa mai a gefe-gefe, ta fara ɓanɓarewa da farce.

"Inno, ki fizge mana, ai ba ta ji."

"Yeke yeke," ta ce da yaren Sango, wato a hankali. "Ke in kin mutu na fizge miki."

Filastar ta saki, wani ɗan tsinken roba ya zaro daga cikin fata. Na'urar ta ci gaba da ƙit, ƙit a kan tabarma, bakin tiyon yana tsattsafo da ruwa. A inda tsinken ya fita, ɗigon jini ya taso. Inno ta goge da auduga, ta miƙo hannu in zuba ruwa.

Jinin ya sake tasowa, jawur.

Ta sake gogewa. Muna kallo ya taru, ya yi ƙwallo, ya gangara gefen ciki a hankali. A waje ana jin muryar maza suna gyara sahu, ga ƙamshin turaren likkafani. Gawa ba ta zubar da jini haka. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba a gaban mamaci.

Sharu ya buga ƙyaure. "Inno, mota ta iso, liman yana jira. A taimaka, vite, a yi sauri."

Inno ta sunkuya kan yarinyar. Ta kwance ƙyallen haɓar, bakin ya ɗan buɗe. Ta jiƙa bayan hannunta ta kara a kan leɓen yarinyar, ta daɗe a haka, idonta a rufe. Sai na ga hannun nan yana kakkarwa.

"Sharu," ta ce, ba ta ɗaga murya ba, "motar nan lopital za ta, wajen likita. Akwai numfashi."

Abin da ya biyo baya sai ihu da gudu. Hauwa'u ta banko ƙofa ta rungumo 'yarta, aka naɗe ta a mayafin, aka fita da ita ta tsakiyar sahun da ya taru don yi mata salla. Kafin la'asar labari ya zo cewa sugan jininta ne ya yi ƙasa ta suma, an ɗaura mata ruwan suga ta buɗe ido.

Ni har na fara guɗa. Na juya na ga Inno zaune a ɗakin wankan inda muka bar ta, audugar mai jini a tafin hannunta, ba ta ko wanke ba.

"Inno, tashi mana, ai abin farin ciki ne."

Ta ɗago ta dube ni. "Talatu, wannan ta zo da rami a ciki, shi ya sa muka gani. Sauran da muka wanke fa?"