Jan Fenti a Gindin Ɗorawa

Wata Talata da hantsi, farar mota ta tsaya a bakin gonakin wani ƙauye da ke gabas da Likoro. Ma'aikatan hukumar shiyya mai kula da muhalli ne suka fito da bokitin fenti. Duk ɗorawar da ta girma sai su auna kaurinta, su ɗauke ta hoto, su shafa mata jan fenti a gindi. Ba su nemi mai unguwa ba, ba su yi wa kowa bayani ba. Suka gama suka tafi.

Kafin la'asar labari ya gama gari, kuma a karkace ya gama shi. Duk wanda ya taɓa zuwa birni ya san gidan da aka shafa wa jan fenti rusau ne ke jiransa. Don haka aka yanke hukunci a bakin masallaci cewa gwamnati za ta sare itatuwan ta kwashe. Cikin magidantan nan kaf babu wanda ya ce a je a tambaya. Kowa ya ce gara ya sare abinsa da kansa. Gaskiyar magana, tsoro kaɗan ne, kwaɗayi ne mai yawa, domin masu gawayi da masu dafa mazarƙwaila sun daɗe suna zawarcin itatuwan.

Ukasha mai injin yanka itace bai sake hutawa ba. Ɗorawar da ta girmi kakan mutum sai ta kwanta kafin shayi ya huce.

Ranar da layi ya zo kan gonar marigayi Malam Iliyasu, sai suka tarar da matarsa, Inna Kulu, zaune a kan tabarma ta jingina bayanta da gindin itacen, daidai kan fentin. Da kalwar wannan ɗorawa take daddawar da take kaiwa kasuwar Kudan, kuma da daddawar ta riƙe gidan tun rasuwar mijinta. Ga 'ya'yan itacen sun nuna, suna reto a samanta.

Ɗanta na fari, Ɗayyabu, shi ya kawo mai injin. Ya durƙusa.

"Inna, ki yi haƙuri ki tashi. In ba mu sare ba, su za su sare."

"Su zo su sare," in ji ta. "Ina nan."

Ukasha ya yi dariya. "Inna Kulu, gwamnati ce fa. Ko ke ma hukuma ce?"

"Kai, rufe mini baki. Da miyar daddawar nan aka yaye ka. Uwarka tana nan da rai, je ka tambaye ta."

Mutanen da suka taru suka kwashe da dariya. Ukasha ya ja igiyar injin don ya tsorata ta. Ƙara ta cika gonar. Ko gezau ba ta yi ba, sai ma ta gyara zama.

Ɗayyabu ya ji kunyar idon jama'a, ya miƙe ya kama gefen tabarmar zai ja.

"Ɗayyabu!"

Inna Kulu ce ta kira shi. Ukasha da kansa ya kashe injin. Tun da ta haifi ɗan nata babu wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta. Ɗan fari ne, kuma uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. "Kai wannan" take ce masa, ko "yaron nan", har ya yi gemu ya tara iyali.

"Ɗayyabu," ta sake faɗa, a hankali. "Na ajiye kunya yau, tunda kai ka ajiye taka. Sake mini tabarma."

Ya saki. Ya koma gefe ya tsuguna, kansa a ƙasa. Ukasha ya saɓa injinsa ya wuce gonar gaba.

Daga ranar, kullum da sassafe sai Inna Kulu ta fito da tabarmarta da buta, ba ta komawa sai magariba. Mata suka riƙa kawo mata fura. Maza suna cewa tsufa ne.

Ranar Litinin farar motar ta dawo. Shugabar ma'aikatan, Malama Mukarrama, ta fito ta ga kututture ko'ina, ta dafe kai.

"Innalillahi! Wa ya yi wannan aiki? Alamar kariya ce muka sa! Duk itacen da ke da jan fenti, an hana taɓa shi."

Wasu mazan suka fara zamewa ta bayan kara. Mukarrama ta hango ɗorawa ɗaya tsaye da tsohuwa a gindinta, ta ƙarasa ta durƙusa ta gaishe ta.

"Inna, Allah ya saka miki. Ke kaɗai kika fahimci manufarmu."

"Ban fahimci komai ba, 'yar nan. Ni ma na ɗauka sarewa za ku yi. Ku nake jira, da ku da injinku."

Mukarrama ta dubi jan fentin da ke bayan tsohuwar.

"Fenti yana magana ne?" in ji Inna Kulu. "Allah ya ba ku baki, kuka zo garin mutane ko sallama babu. Waɗancan kuma ya ba su ƙafa, suka kasa zuwa su tambaya. Duk ku kuka kashe itatuwan nan, ku da su."

"Gaskiya ne, Inna. Za mu sake launi, mu sa kore."

"Ki sa bakinki. Ƙauyen gaba ma kun shafa musu, ko ba haka ba? To Ukasha can ya kwana."

Mukarrama ta miƙe da sauri ta ƙwala wa direba kira. Motar ta juya ta nufi ƙauyen gaba.

Inna Kulu ta tashi ta kakkaɓe zanenta, ta naɗe tabarmar. Ta ɗaga kai ta dubi 'ya'yan ɗorawar da suka bushe a reshe, sannan ta juya wajen ɗanta, wanda ke raɓe a nesa.

"Kai wannan," ta ce, "je ka ɗauko mini doguwar gora da buhu. Kalwa ba ta jira."