Kwanon Auta

Taƙaitaccen bayanin al'amarin, kamar yadda za a iya shigar da shi cikin fayil, shi ne: ranar wata Talata, da misalin ƙarfe tara na safe, an tarar da wata yarinya 'yar shekara uku a ƙofar siton gonar mahaifinta, riƙe da kwano, bakinta ya yi shuɗi. Abin da ke cikin kwanon gyaɗa ce da aka cuɗa da maganin ɓera. Wanda ya cuɗa ta mahaifin yarinyar ne. Ba a tuhumi kowa ba.

Mahaifin, wanda maƙwabta ke kira Malam Tsaf, yana can ƙarshen gona sa'ad da ihun matarsa ya iske shi. Ko da ya iso a guje, ta riga ta zura yatsa a bakin 'yar tasu Auta tana ƙwaƙulo abin da ya saura, ita kuwa yarinyar kuka take yi, don an ƙwace mata kwanonta. Kwanonta ne kuwa, mai jar fulawa a tsakiya. Da bakinsa ya ɓantare uwar ta jefar, shi kuma, da yake ba ya son asara, ya tsince shi ya ce zai yi amfani. A ciki ya zuba gubar, ya tura shi bayan buhunan masara.

"Nawa ta ci?" in ji shi.

"Ni kake tambaya? Ni na auna?" Ta saɓa yarinyar a kafaɗa. "Duk kwanukan duniya, maigida, sai nata?"

Ya kamata a bayyana yadda ya sami laƙabinsa. Malam Tsaf mutum ne da bai yarda wani abu mai rai ya zauna a gonarsa ba in ba masara ba. Shekara biyu da suka wuce ya tuge shingen ƙayar da ke iyakarsa, domin yana cinye masa kunya biyu, kuma tunku yana ɓuya a ciki yana ɗauke masa 'yan tsaki. Ya sare tsohuwar bishiya mai kogo, saboda inuwarta tana danne shuka, kuma bai taɓa son kukan mujiyoyi biyun da ke zaune a cikinta ba. Maciji kuwa, mai dafi da marar dafi, hukuncinsu ɗaya. Gona ta fito fes, masu wucewa suna tsayawa kallo, maƙwabta da dama suka yi koyi da shi. A kaka ta gaba ɓeraye suka zo. Ya sa magani, suka mutu, kuliyoyin gidan uku suka ci gawarwakin suka bi su, aka kuma tsinci shaho a kan kunya ƙafafu sama. Bayan wata biyu ɓerayen suka dawo da 'ya'ya da jikoki, ba su tarar da kowa a bakin ƙofa ba.

Suka shiga motar haya zuwa asibiti. Ya riƙe ƙafar Auta, yana jin ɗuminta, yana tsoron lokacin da zai daina ji. Duk sa'ad da ta lumshe ido sai uwar ta girgiza ta.

Likitar da ta karɓe su mace ce mai saurin magana. Ta sa aka shiga da yarinyar wankin ciki, sannan ta juyo gare shi da biro a hannu.

"Wane iri ne maganin?"

"Na ɓera ne, Likita."

"Na sani, Baba. Sunansa nake so. Ina takardarsa?"

"A ƙullin leda ake sayarwa."

Ta ajiye biron. "Akwai wanda ke kashewa kafin la'asar. Akwai wanda ke tsinka jini a hankali, yaro yana wasa yau, jibi jini ya ɓalle ta hanci. Maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma ba zan yi wa 'yar shekara uku canki-canki ba. Je ka nemo wanda ya sayar maka. Kada ka tsaya gaishe-gaishe."

Ta taga ya hango Auta a kan gado, an riƙe mata hannuwa, roba a hancinta. Ya fita bai san ta wace ƙofa ba.

Rana ta take lokacin da ya shiga kasuwa. Mai maganin ɓera yana inda ya saba, a ƙarshen layin masu fartanya, da busassun ɓeraye rataye a jikin sanda a matsayin shaidar aiki. Da ya ji an ambaci yarinya da asibiti, sai fuskarsa ta rufe.

"Ni ban san ka ba, Malam. Masu sayarwa da yawa."

"Ba ƙara na kawo ba. Wallahi ba ƙara na kawo ba." Malam Tsaf ya durƙusa a gaban masu fartanya, a cikin ƙura. "Sunan abin kawai. 'Yata ce."

Mutumin ya duba dama da hagu, ya kama hannunsa ya ja shi bayan rumfa.

"Tashi, kada ka tara mini jama'a. Yaushe ka saya?"

"Makon jiya."

"To." Ya rage murya. "Ka san ni abokan gabata a sana'a uku ne: mujiya, mage, maciji. Mujiya ɗaya mai 'ya'ya, abin da take kwashewa a wata ya fi abin da nake kashewa da tebur guda. Ku manoman gefen nan kuka taru kuka kawar mini da su, ko sisi ban biya ba. Sai ciniki ya fi ƙarfina, kaya suka yanke tun watan jiya. To, mutum zai rufe rumfa ne? Yanzu iri biyu ne da ni. Na saman tebur na gaske ne. Na ƙasan tebur garin alli ne da bular wanki."

"Wanne ka ba ni?"

"Ya danganta. Wanda ya biya yadda na faɗa, na sama. Wanda ya tsaya yana matsa mini, na ƙasa."

Malam Tsaf ya tsaya yana neman makon jiya a cikin kansa, ya rasa. Ya tuna da safiyar: buhu huɗu a farke, kashin ɓera a cikin masara, zuciyarsa tana tafasa. Mai yiwuwa a ranar, don haushi, ya miƙa kuɗi bai ce uffan ba. Sau ɗaya a rayuwarsa, mai yiwuwa.

"Ban tuna ba," ya ce. "Don Allah dube ni da kyau."

Mai maganin ya dube shi daga hula har takalmi, a hankali, kamar mai duba takardar kuɗi.

"Ba kai ne ka ce ɓerayen da na rataye ma saye na yi ba? Ka tafi har sau biyu kana dawowa, ka kuma nemi gyara?" Ya yi tsaki. "Rabin awa ka ci mini. Alli ka saya, Malam. Ko gyaran ma alli ne."

Malam Tsaf ya rungume shi. A iya sanin masu fartanya, wannan ne karo na farko da aka yi wa mutumin godiya a kan kayansa.

Likita ba ta karɓi shaidar maƙaryaci haka nan ba. Ta karɓi ƙulli ɗaya na ƙasan tebur da Malam Tsaf ya kawo, ta kwatanta shi da abin da ya saura a kwanon, ta zuba ruwa ta ga ya kwanta fari, sannan ta ce duk da haka za a riƙe yarinyar kwana uku ana duba jininta. Kwana ukun nan ya yi su a kan benci, yana tashi duk lokacin da wata nas ta fito da sauri. Matarsa ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya fi faɗan tsanani. Sau ɗaya kawai ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Da kuliyoyin nan suna nan, ai da ba a kai ga kwano ba."

Ranar Juma'a da hantsi aka sallame su. Da yamma ya zaga gona da adda, kamar yadda ya saba kowane mako, ya isa kututturen tsohuwar bishiya. Kututturen ya sake yin toho, rassa biyar masu taushi, tsawon kamu ɗaya. Shekara biyu ke nan yana sare su suna dawowa. Ya kimanta shekarun da reshe zai yi kafin ya zama bishiya, da waɗanda bishiya za ta yi kafin ta yi kogon da mujiya za ta yarda ta zauna, ya ga lissafin ya wuce shi, sai dai Auta. Daga cikin sito yana jin ana ta aiki a kan masararsa, tun rana ba ta faɗi ba, ba ko kunya. Ya mayar da addar ƙarƙashin hammata ya wuce.

Abin da al'amarin ya ci, gwargwadon abin da aka iya tantancewa: bishiya ɗaya, shinge ɗaya, mujiya biyu, tunku, ba a san adadi ba, macizai bakwai, kuliyoyi uku, shaho ɗaya, masara buhu goma sha ɗaya, kwana uku a asibiti, kwano ɗaya mai jar fulawa, wanda uwar ta binne da hannunta. Kunya biyu da aka ƙaru da su suna nan. Ɓerayen da magani na biyu ya kashe: babu.