Wayar Baba Direba

Kafinta ne ya ƙarasa ubansa, ko da yake takardar asibiti ta ce ciwon zuciya ne. Mai aski, maƙwabcinsu, yana wurin, kuma hannunsa na dama shaida ne.

Baba Direba ya daɗe zuciyarsa ta gaji. Ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya kwanciya, a kujera yake barci da matashi a bayansa. Abin da ya fi cin sa tsoro ne. Shi ya sa asibiti suka haɗa shi da wata likita mai kira ta waya, tana sauraronsa, tana koya masa yadda zai ja numfashi in fargaba ta taso. In sun gama har dariya yake yi.

Ɗansa kafinta bai ga dariyar ba. Ya dai ji an ce likitar ƙwaƙwalwa ce.

"So ake a ce ubana ya haukace?" Ya ɗora wayar tsohon a kan benci, ya sauke mata guduma.

Mai aski ya ga tsohon ya daina cin abinci, sai ya fara shigo masa da tasa wayar duk ranar kira.

"Ga budurwarka, Baba."

"Ɗan nema! Rufe ƙofa, kada ka ji sirrinmu."

Ran nan kafinta ya dawo ɗaukar kusoshi, ya ji muryar mace a ɗaki tana cewa, "A hankali, Baba, ja ta hanci." Ya bankaɗe ƙofar da ƙafa.

"Munafuki! Gidan ubanka ne?"

"Kai yaro, ji tsoron Allah," in ji mai aski, ya kai hannu zai kare wayar.

Gudumar ta sauka a kan yatsunsa. Ya ji ƙarar ƙashin kafin ya ji zafin. Ta biyu ta same shi a kafaɗa, ya faɗi kan kwalaben magani, jini ya ɓata tabarma.

"Bari! Ni na roƙe shi!" Baba Direba ya yunƙura ya miƙe, shi da rabonsa da tsayuwa ba taimako an daɗe. Ya kama rigar ɗansa. Kafinta ya fizge, tsohon ya kife.

Wayar tana ƙarƙashin kujera, ba ta katse ba. "Baba? Baba, kana ji na?" Likitar ta ji komai, ita ta kira motar asibiti da 'yan sanda.

Washegari da hantsi Baba Direba ya cika. Mai aski ya raka shi maƙabarta da hannu a naɗe, ya dawo ya tarar da kujerar yadda take, matashin bai gama tashi daga lotsawa ba.

Kafinta yana tsare aka binne ubansa. Likitar ta ba da shaida ta waya, alƙali ya ɗaure shi.