Jar Motar Duktur Osama

Tijjani ya zo Alƙahira ne daga Umdurman ta ƙasar Sudan a shekarar da yaƙi ya ɓarke. Garejin da ya yi shekara goma sha tara yana ginawa ya bar shi a can, ya taho da matarsa da akwatin sifana guda ɗaya. A unguwar Hayyin Ashir ya samu aiki a warsha, wato wurin gyaran mota, ta wani Bamasare, inda yake ta fama da tsofaffin tasi da motocin ɗaukar kaya. Aikin yana ciyar da gida, amma ba ya jin daɗinsa.

Wata Asabar da hantsi wata budurwa ta tsaya a bakin warshar tana tambayar Usta Tijjani, kamar yadda ake kiran gwanin sana'a a can. Sunanta Hadeel. Ta fara da Larabci, da ta ji yadda ya amsa sai ta juya Hausa.

"Babana ne ya aiko ni. An ce masa kai kaɗai ne a unguwar nan ka san tsohon kafireto."

Mahaifin nata shi ne Duktur Osama, likitan yara da ya yi ritaya, Bahaushen Mai Wurno ta Sudan da ya zo karatu Masar yana saurayi bai sake komawa ba. A ƙasan benen da suke zaune a unguwar Abbasiya ya nuna wa Tijjani motar. Fiyat ce ja mai kujera biyu, ƙirar farkon shekarun saba'in, rufinta na tamfol. Tijjani ya zagaya ta sau biyu kafin ya taɓa ta.

"Akwai filin tsere a hanyar sahara," in ji Duktur. "Ranar Juma'a ɗaya a wata suna buɗe shi ga duk mai mota. Ba gasa ake yi ba, kowa ya zagaya gwargwadon ƙarfinsa. Shekara arba'in ina tuƙa wannan motar cikin cunkoson titin Ramsis, ban taɓa jin ƙarshen muryarta ba. Ina so in ji."

"Injin ba shi ne matsalar ba, Duktur," Tijjani ya ce bayan ya kwanta ƙarƙashinta ya fito. "Gudu za ta yi. Tsayawa ce ba za ta iya ba."

Tsohon ya yi dariya. "Yalla, mu je, koya mata tsayawa."

Wata biyu Tijjani yana zuwa Abbasiya bayan la'asar. Ya fara da birki. Ya cire tsofaffin tiyoyin da suka tsattsage, ya sa faifai sababbi, ya zuba man birkin da ba ya tafasa da wuri. Shokozoba duka huɗu sun mutu, ya canja su ya ɗan sauke motar ƙasa don kada ta riƙa kwanciya a kwana. Lagireto ya ba shi wahala, sai da ya yi yawon kwana uku a kasuwar kayan gyara kafin ya samu wanda zai shiga. A ƙarƙashin kujerar direba ya tarar da tsatsa ta ci ƙarfen har yatsa yana wucewa, ya yanke wurin ya yi walda. Daga ƙarshe ya kafa baƙin ƙarfe a bayan kujeru, wanda zai kare kan mutum idan mota ta kife, ya ɗaura bel mai igiya huɗu.

Duktur yakan zauna a kujerar roba yana shan shayi, yana ba shi labarin Mai Wurno ta dā. Hadeel, wadda ke koyarwa a wata makarantar firamare, takan sauko idan ta dawo ta taka birki yayin da Tijjani ke fitar da iska daga tiyo. Ita ce ta kawo motar warsha ranar da aka daidaita tayoyi, kuma Tijjani ya lura ba ta wahalar da kuloci.

Ya lura da wani abu ma. Wata rana ya ce Duktur ya miƙo masa sifana mai lamba goma sha uku da ke gefen hagunsa. Tsohon ya lalubi ƙasa, ya juya kansa gaba ɗaya kafin ya gan ta. Da Hadeel ta rako Tijjani bakin titi, ya tambaye ta.

"Hawan jinin ido ne," in ji ta. "Ganinsa na gefe-gefe ya fara rufewa. Abin da ke gabansa yana gani sarai, amma likitansa ya ce kafin shekara dole ya ajiye tuƙi. Shi ya sa yake sauri."

"Kwana a fili ba kamar titi ba ce," Tijjani ya ce. "Mota za ta zo ta gefensa."

"Na sani, Usta. Shi ma ya sani. Likita ne."

Tijjani ya yi tunanin barin aikin. Ya gaya wa matarsa, ta ce idan ya bari wani zai ƙarasa, kuma wancan ba zai damu da birki kamar shi ba. Ya ci gaba.

Ranar Juma'ar suka isa filin da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Yawancin motocin sababbi ne, masu su samari. Suka taru kan jar Fiyat suna ɗaukar hoto. Masu kula da filin suka duba birki da bel, suka sa motar a rukunin masu koyo, inda ba a wuce mutum sai ya ba da hannu. Duktur ya sa hular kwano, Hadeel ta zauna gefensa. Tijjani ya tsaya a jikin katanga.

Zagayen farko motar ta tafi a hankali. A na biyu, kan doguwar miƙa, Duktur ya taka totur. Tijjani ya ji injin ya buɗe, kafireton da ya wanke da hannunsa yana shan iska ba tari. Ta isa kwana, birki ya kama, ta juya lafiya. Amma a kwana ta gaba wata farar mota ta matso ta hagu, Fiyat ta ɗan karkato wajenta, farar ta kauce. Ba abin da ya faru. A ƙarshen zagayen jar motar ta shigo wurin tsayawa.

Duktur ya cire hular.

"Ban ga farar motar ba," ya ce. "Sai da Hadeel ta yi magana. Khalas, shi ke nan."

"Ma'alish, yi haƙuri, Duktur," in ji Tijjani.

"Ba komai. Na ji muryarta a miƙar nan." Ya ɗan zauna yana kallon sitiyari, sannan ya kwance bel ɗin. "Saura minti nawa a rukuninmu?"

"Goma sha biyu."

"Hadeel, zagayo ki karɓi sitiyari."

"Baba, ni ban taɓa..."

"Ni ma ban taɓa ba sai yau. Zagayo."

Tijjani ya kafa kujerar ne daidai tsawon Duktur, ba ta matsawa. Ya cire jakitinsa ya ninka ya cusa a bayan Hadeel har ƙafarta ta kai kuloci. Ya ja igiyoyin bel ɗin ya ce mata ta taka birki tun kafin allon farko da ke nuna kwana, kada ta kalli kowa sai hanya.

Ta yi zagaye biyar. Na farko kamar mai zuwa kasuwa, na uku har ta wuce wata mota da direbanta ya ba ta hannu. Duk lokacin da suka gifta katangar, Tijjani yana hango Duktur ya ɗaga yatsa yana saukewa, yana nuna mata lokacin canja giya da kunne. Da aka kaɗa tuta suka shigo, fuskar Hadeel ta jiƙe da gumi, tana dariya ba sauti. Tijjani ya ɗora bayan hannunsa kusa da tayar gaba. Faifan ya yi zafi sosai, amma bai yi hayaƙi ba.

Hadeel ce ta tuƙa su zuwa masallacin da ke bakin hanya don sallar Juma'a, Tijjani yana biye da su a motar warsha. Bayan an idar, suna neman takalmansu, Duktur ya ce masa wata mai zuwa ma za su dawo, don haka a kwance kujerar a matso da ita gaba daidai tsawon Hadeel.

"Kamar yatsa huɗu," in ji Tijjani. "Zan zo ranar Litinin in auna ta."