Fasinjar La'asar

Tun da Baba Direba ya ajiye tuƙin manyan motoci, 'ya'yansa suka sa shi a gaba da lallaɓawa. Kada ya ɗauki wannan, kada ya je can. Shi kuwa mutum ne da bai iya zama ba. Matarsa ta rasu, ɗaki ya yi masa faɗi, abin da ya rage masa sai wata tsohuwar ƙaramar mota da yake wankewa kullum da safe, ko da babu inda za ta. Babban ɗansa har ya fara zancen a sayar da ita, wai tana tare wuri.

Ana cikin haka Auta, ƙaramar 'yarsa da ke aure a bayan layinsu, ta haifi 'ya mace. Yarinya lafiyayya, tana shan nono yadda ya kamata. Amma da la'asar ta yi sai ta naɗe ƙafafu, ta dunƙule hannu, ta buɗe maƙogwaro. An goya, an jijjiga, an shafa ciki, an kifa ta a cinya, duk a banza. Mijin Auta, malamin makaranta ne, ya yi ta zagaye falo da ita har ya san kowace tsaga da ke jikin bango.

Ranar da aka nufi asibiti da ita a motar Baba, kafin su fita daga layi ta yi tsit.

Daga nan Baba ya samu aiki. Kullum in ya idar da sallar la'asar sai ya sa hularsa ta tuƙi, ya tsaya a ƙofar gidan Auta ya danna hon. Auta ta fito da yarinya tana tsala ihu, su shiga baya. Ya bi ta gaban gidan mai, ya zagaya ta bayan makaranta, ya kauce wa ramin da ke kusa da shagon mai walda. Shi ya sa mata suna Fasinja. "Amarya ce mai tsada," yakan ce, "ba ta barci sai an ƙona mata mai." Maganar sayar da mota kuwa ta mutu, babu wanda ya sake tayar da ita. Gaskiya Baba ya ji daɗin kwanakin nan, ko da yake ba zai faɗa ba, tun da a kan ciwon jikarsa daɗin ya zo.

Da suka sake komawa asibiti, likitar yara ta ce murɗar ciki ce irin ta jarirai, kuma yawanci da kanta take wucewa. Amma ta ba Auta wata 'yar kwalba, sabon magani da ake ɗiga wa jariri a baki.

"Wasu ƙwayoyi ne masu rai a ciki, Baba," in ji Auta a hanyar dawowa. "Irin masu amfani, suna zama a hanji su gyara shi. Ta ce ba kowane jariri yake yi wa aiki ba, amma a gwada."

"Yanzu ƙwayoyin da muke wanke hannu saboda su, su za a ɗura mata?" Baba ya girgiza kai. "To, Allah ya sa a dace."

Da zuciya ɗaya ya yi addu'ar, kuma aka dace. Ba a rana ɗaya ba. Kukan ya riƙa gajarta, ya riƙa makara, wata rana ma sai ya jima a ƙofar gida take farawa, ta ɗan taɓa ta bari. Baba yana lura da duk wannan.

Wata la'asar ya danna hon, babu wanda ya fito. Ya kashe mota ya shiga da sallama. Gidan shiru, har ana jin ƙarar fanka. Fasinja tana kwance a kan zani a tsakiyar falo tana harba ƙafafu, Auta na gefe tana ninke kayan wanki.

"Baba, ka gani? Tun safe ko ƙwaƙ ba ta yi ba."

"Alhamdu lillahi," ya ce. Ya yi murna, babu ƙarya a ciki. Amma ya san abin da shirun nan yake nufi: gobe zai wanke mota ya koma ɗaki. Ya durƙusa ya leƙa fuskar yarinyar. "Kamar fa tana yamutsa fuska. Ba kya ganin za ta fara?"

"Hamma ta yi, Baba."

"To." Ya miƙe yana juya makulli a hannu. "To, madalla. Bari in koma."

Auta ta dubi hular, ta dubi makullin. Ita ce ta fi kowa sanin ubanta. Ta ajiye rigar da take ninkewa, ta jawo mayafi.

"Ina za ka koma? Maganin nan ita aka ba, ni ba a ba ni ba. Duk duniya babu inda nake samun barci sai bayan motarka."

"Ke dai faɗi gaskiya, kin ƙi biyan kuɗin mota ne kike neman dalili."

"Ka bi mijina bashi."

Suka shiga. Kafin su wuce gidan mai Auta ta jingina kai da gilashi, barci ya kwashe ta da gaske, hannunta na riƙe da yarinya gam. Baba ya rage gudu ya gyara madubi don ya duba su.

Fasinja idonta biyu. Sai a lokacin ya tuna cewa duk zagayen da suka sha tare, ko dai tana ihu ido a runtse, ko tana barci. Bai taɓa ɗaukar ta tana kallo ba. Ga su nan, manyan idanu, suna bin hasken da ke wucewa ta taga, suka zo suka tsaya a kan hularsa.

"Au, ashe yau kika shigo motar," ya ce a hankali, don kada ya tashi uwar. Ya share idonsa da bayan hannu. "To sannu da zuwa. Wancan shagon mai walda ne. Akwai rami a gabansa, amma kada ki damu, na san shi."