Tanko Ya Ce Gangar a Tsage Take

Shekara arba'in da biyar Tanko ya yi yana ƙera tukwane da bokitai a Hayin Banki. Ba ya duba ƙarfe da ido. Ɗaga shi yake yi, ya ƙwanƙwasa da zobensa, ya kai kunne. In ya ce a tsage yake, to a tsage yake. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba.

Jikansa Sharhabil ne ya janyo masa. Magidanci ne, mai gyaran wutar lantarki, amma duk Asabar sai ya haɗu da abokansa a wani gareji su yi ta wani kiɗan Turawa da suke kira hebi metal. Tanko ya taɓa ji sau ɗaya. Ya ce injin niƙa da ya ci dutse ya fi shi natsuwa.

"Tsoho, kunnenka nake son ka ara mini," in ji Sharhabil. "Ganga zan saya mai jikin ƙarfe. Ta katakon da nake da ita, ƙarar jita na danne ta, ba a jin ta."

"Alhamdu lillahi. A bar ta a danne."

Amma ya ɗauki hula ya bi shi, tunda magana ce ta ƙarfe.

Shagon yana Malali. Mai shi, Ado, kayan kiɗa na gwanjo yake sayarwa, ga abokan hirarsa uku a benci a bakin ƙofa. Ya jera ganguna uku a tebur, kowace kamar faifai mai zurfi, fata sama da ƙasa. Ɗaya ta baƙin ƙarfe ce da aka yi wa ruwan azurfa, tana ƙyalli. Ɗaya ta alminiyum. Ta ukun ta tagulla, ta yi duhu, har da tsatsa kore a gefe.

Idon Sharhabil na kan mai ƙyallin. Tanko ya ɗaga ta ya ƙwanƙwasa. Ta yi zzzz.

"A tsage take."

Ya ɗauki ta biyu. Zzzz. Ta uku ma haka.

"Duk a tsage. Tashi mu tafi."

Na benci suka tuntsire da dariya. Ado ya kifa ganga ɗaya, ya nuna wasu siraran wayoyi da aka shimfiɗa a kan fatar ƙasa.

"Baba, waɗannan ne ke kuka. Da gangan ake sa su."

"Da gangan? A sami ƙarfe lafiyayye a ɗaura masa ciwo?"

"Tsoho, shi ne daɗin," in ji Sharhabil a hankali. "Ka bari kawai, zan ɗauki mai ƙyallin."

Tanko ya kasa kunne. Wani a benci yana cewa tsufa ba ya barin kunne. Gobe labarin zai kai Kawo, jibi ya iso bakin maƙerarsa.

"Kwance su," ya ce wa Ado. "Fata, waya, komai. Ƙarfen nake son ji tsirara."

"Haba Baba, noti ashirin ne a jikin kowace."

"Ba inda za ni."

Ado ya kwance yana tsaki. Da aka gama, Tanko ya rataya kowane zagayen ƙarfe a igiya don kada hannu ya kashe amonsa. Na alminiyum ya yi ƙas ya yi shiru.

"Lafiya lau, amma tukunyar miya ce. Ba za ta fi ƙarfin mahaukatan abokanka ba."

Na tagulla ya ɗauki amo ya riƙe, har sai da na benci suka daina magana. Tanko ya matsa kan na ƙarshen. Ya buga mai ƙyallin. Amon ya tashi da ƙarfi, sai ya yanke a tsakiya. Ya sake bugawa. Ya tuna dariyar ɗazu, ya buga na uku.

"Wannan a tsage take."

"Baba, ka sake?" in ji Ado. "Ko wata biyu ba ta yi da sauka ba."

"Kawo kananzir da alli."

Ya goga alli a bayan ƙarfen, daidai inda aka yi walda. Ya jiƙa tsumma da kananzir ya shafa ta ciki. Suka tsaya suna kallo. Can sai wani layi siriri kamar gashi ya fito a kan allin, ya yi tsawon ɗan yatsa.

Babu wanda ya yi dariya.

"Irin dukan da kake yi, sati uku za ta buɗe baki," ya ce wa jikansa. "Ɗauki tagullar. Tsatsar, toka da lemun tsami za su fitar da ita."

Sharhabil ya mayar mata da fata da wayoyi, ya zaro sanduna ya sauke mata duka. Awakin maƙwabta suka watse. Tanko ya toshe kunnuwa, yana kallon tagulla mai kyau irin wadda ya jima bai gani ba tana shan wulaƙanci.

"Tsoho, ka ji? Ka ji ta?"

"Mutanen Rigachikun ma sun ji."

Ado ya matso, yana sosa ƙeya.

"Baba, akwai wasu fayafayan kiɗa na tagulla a ciki da ban yarda da su ba. Ko za ka ɗan saurara mini?"

Tanko ya dubi benci. Suka matsa masa wuri. Ya zauna.

"Kawo su. Kai kuma ajiye sandunan nan, sai na bar unguwar."